Haɗa Akwatunan Saƙon Murya a Tsakanin Rassan Kamfani

Gabatarwa

Saƙon murya shi ne maganar da mai kira yake bari a cikin na'ura idan bai sami wanda yake nema ba, domin a saurara daga baya. Gordon Matthews, wani Ba'amurke, yana cikin waɗanda suka fara ƙera irin wannan na'ura don amfanin ofisoshi, kuma an ba shi takardar mallakar fasahar a 1983. Wannan darasi zai duba yadda ake haɗa waɗannan na'urori idan kamfani yana da rassa a garuruwa daban-daban.

Matsalar da ake son warwarewa

A da, kowane reshe yana da na'urarsa ta rarraba kira da kuma akwatunan saƙonsa. A ɗauki misalin kamfanin da yake da hedikwata a gari guda da rassa biyu a wasu garuruwa. Idan abokin ciniki ya bar saƙo a reshen da ba a nan ake kula da buƙatarsa ba, babu hanyar miƙa saƙon sai wani ma'aikaci ya saurara, ya rubuta, sannan ya kira. A nan ne magana kan canza, ko ta makara, har a yi asarar ciniki. Dalili kuwa shi ne, na'urorin kamfanoni daban-daban ba sa fahimtar juna, tamkar mutane biyu da ba su da harshen da ya haɗa su.

Hanyoyin haɗawa

Hanya ta farko ita ce ƙa'idar AMIS, wadda ta fito a wajajen 1990. A wannan tsari, na'urar reshe takan kira takwararta ta layin tarho, su gabatar da kansu da sautukan da maɓallan waya suke yi, sannan ta farko ta kunna saƙon, ta biyu ta naɗa. Saboda haka, saƙon minti uku yakan riƙe layi fiye da minti uku, a biya kuɗin kiran nesa, kuma ingancin murya yakan ragu a duk naɗi.

Hanya ta biyu ita ce ƙa'idar VPIM, wadda aka fara wallafawa a 1996, aka sabunta ta a 1998 da 2004. Ita kuwa takan mayar da murya fayil, ta aika da shi ta intanet kamar yadda ake aika imel. Adireshin saƙon shi ne lambar akwati haɗe da sunan na'urar reshe. Ana taƙaita muryar zuwa kilobit 32 a daƙiƙa, wato saƙon minti ɗaya bai wuce kimanin kilobayit 240 ba.

Hanya ta uku ita ce a ajiye na'ura ɗaya tak a hedikwata, duk rassa su dogara da ita. Wannan ya fi sauƙin kulawa, amma idan hanyar sadarwa ta yanke, reshe ba zai iya kaiwa ga saƙonninsa ba. A yau kamfanoni da yawa sun miƙa wannan aiki ga masu sayar da hidimar waya ta intanet, inda saƙon kan iso wa ma'aikaci a imel ko a wayar hannu.

Tsarin lambobi

Ko wace hanya aka bi, aikin ba zai yi kyau ba sai an tsara lambobi. Idan rassa biyu suna da akwati mai lamba 201, na'ura ba za ta san wanda ake nufi ba. Maganin haka shi ne a ba kowane reshe lambar share fage, alal misali 3 ga na farko, 4 ga na biyu, sai a sami 3201 da 4201. Haka kuma, wajibi ne alamar isowar saƙo ta kunna fitilar wayar mai shi, domin saƙon da ba a san da zuwansa ba daidai yake da wanda bai zo ba.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa haɗa saƙon murya ya dogara ne a kan abu biyu: ƙa'ida ɗaya da na'urori suka yarda da ita, da kuma adireshin da ba ya rikitarwa.

Auna Fahimta

1. Bayyana bambancin da yake tsakanin AMIS da VPIM.
2. Kawo amfani ɗaya da illa ɗaya na ajiye na'ura a hedikwata.
3. Tsara lambobin akwatuna ga kamfani mai rassa uku ba tare da maimaici ba.