LASIN TUƘI: DARASI DAGA HANYAR GWANTU

Garin Gwantu shi ne hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sanga, can kudancin Jihar Kaduna, yana bisa babbar hanyar da ta taso daga Akwanga ta nufi Jos. Direban da ya yi lodin doya a Akwanga da asuba, ya ratsa Gwantu, ya haye Hawan Kibo, ya taka ƙasar jihohi uku ke nan tun rana ba ta yi tsaka ba, watau Nasarawa da Kaduna da Filato. Ko ina aka tsai da shi takarda ɗaya za a fara tambayarsa, ita ce lasin tuƙi. Saboda haka ya kamata kowane mai abin hawa ya san yadda ake samunsa, da abin da ya halatta masa.

A dā kowace jiha ita ke buga nata lasin. Wanda aka ƙwace wa nasa a nan, sai ya tsallaka maƙwabciyar jiha ya karɓo wani, ba mai ganewa. Bayan da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa cikin 1988, sai aka fito da lasin bai ɗaya cikin 1990. Daga 2011 kuma aka soma ɗaukar hoton mutum da zanen yatsunsa a ajiye cikin kwamfuta. Lasin da aka samo a Jihar Kaduna yana aiki ko ina cikin Nijeriya.

Ma'aikatu uku ke da hannu cikin wannan aiki. Ofishin tara kuɗin shiga na jiha shi ke karɓar kuɗi ya ba da lasin. Jami'an duba motoci, waɗanda aka fi sani da VIO, su ke jarraba mai nema. Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ke ɗaukar hoto ta buga katin.

Ba a ba wanda bai kai shekara 18 lasin ba. Mai nema zai fara da makarantar koyon tuƙi wadda hukuma ta amince da ita, ya riƙe takardar izinin koyo, ya manna jan harafin L gaba da bayan mota, kuma kada ya hau titi sai da gwanin direba a gefensa. In ya gama sai a gwada idonsa, a tambaye shi alamomin hanya, a sa shi ya tuƙa a gani. Wanda ya ci, akan ba shi lasin wucin gadi na kwana 60 kafin na sosai ya fito, mai aiki shekara uku ko biyar.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Sau tari yaron mota yakan shekara biyar yana bin ubangidansa, ya iya sa giya, ya iya juya mota a tasha, sai ya ga zuwa jarrabawa ɓata lokaci ne. Sai wani ɗan kamasho ya ce masa ya kawo kuɗi da hoto kawai, jibi lasin ya zo har gida. To, duk lasin da aka yi ba tare da mai shi ya tsaya gaban na'ura an ɗauki yatsunsa ba, jabu ne, kome kyan katin. Ran da aka buga lambarsa cikin kwamfuta ba a sami sunan ba, ga kuɗi sun tafi, ga laifi biyu a wuyansa: tuƙi ba lasin, da riƙe takardar ƙarya. Dokar hukumar ta 2007 ta yanka tarar naira 10,000 a kan laifin farko kaɗai. In kuwa aka yi haɗari aka rasa rai, maganar ta wuce tara, ta zama ta kotu.

Lasin kuma aji-aji ne. Ajin A na babur ne, B na ƙaramar motar gida, F na tarakta da injunan noma, G na tirela, J na naƙasassu. Mai lasin B ba shi da ikon ɗaukar fasinja don kuɗi, balle ya hau tirela. Dalili a fili yake ga duk wanda ya taɓa gangara Hawan Kibo da kaya. Babbar mota ba ta tsayawa da birki kaɗai a irin wannan gangare. Dole direba ya sa ƙaramar giya tun daga sama, in ba haka ba birki ya yi zafi ya ƙi kamawa. Wanda ya koyi tuƙi a ƙaramar mota bai san wannan ba, sai ya riga ya shiga.

Haka nan iyakar gudu ta bambanta. Cikin gari kamar Gwantu, inda babbar hanya ta ratsa tsakanin gidaje da masu talla da 'yan makaranta, ƙaramar mota ba ta wuce kilomita 50 cikin sa'a, tirela da tanka 45. A wajen gari ƙaramar mota da bas 80, tirela 50.

Bayan lasin, direba zai riƙe takardar rajistar mota, da ta lafiyar mota, da ta inshora. Ranar ƙarewar lasin tana rubuce a jikin katin. Sai a duba ta, a je sabuntawa tun kafin ta cika.