Darasi: Zaɓen Irin Barkonon da Zai Yi a Ƙaramin Fili

'Yan'uwa da dama da neman abinci ya kai su Fatakwal, Anaca da Inugu sun taso ne a gidajen da ba a rasa ɗan lambu. Yau kuwa suna zaune a gidajen haya, ɗaki ɗaya da ɗan baranda, tsakar gida kuma na kowa da kowa ne. Duk da haka miya ba ta yiwuwa sai da yaji. Yawancin kayan miyan da ake saukewa a kasuwannin Mile 1 a Diobu, Ose a Anaca da Ogbete a Inugu daga Arewa suke fitowa a manyan motoci. Lokacin da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsayar da kai kaya Kudu a ƙarshen Fabrairun 2021, cikin 'yan kwanaki farashi ya tashi. Haka kuma kuɗin mota ya hau bayan cire tallafin man fetur a 2023. Bokiti uku ko huɗu na barkono ba za su ciyar da iyali ba, amma za su rage wa uwargida zuwa kasuwa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaɓen iri da ido. Mutum ya ga tattasai ja, mai ƙiba, ya fasa, ya kwashe 'ya'yan ya zuba a bokiti. Ya manta cewa wannan tattasai a fadamun Arewa aka noma shi da rani, inda iska ke bushe kuma manomi ne ke auna ruwan da zai sha. Ruwan saman Kano a shekara bai cika kai milimita 1,000 ba, na Fatakwal kuwa ya haura 2,000. A irin wannan laima saiwar tattasai takan ruɓe, ganyensa ya yi yaushi ko da ƙasa na jiƙe, furensa ya zube. Ko ya rayu, 'ya'ya kaɗan zai ba da. A ganina, mai ƙaramin fili ya bar wa manoman fadama tattasai.

To me ya kamata a duba? A dubi itacen, kada a tsaya ga ɗansa. Irin da ake nema shi ne gajere, mai rassa da yawa kusa da juna, mai ƙananan 'ya'ya masu yawa, wanda kuma ya saba da laima.

Na farko a wannan ma'auni shi ne ƙanƙanin barkonon nan mai tsananin yaji, wanda 'ya'yansa ke kallon sama. Yana jure ruwa, yana jure 'yar inuwa, kuma yakan yi shekara biyu ko fiye yana haihuwa. In an bar shi zai iya kai ƙugun mutum, saboda haka a tsinke kansa sa'ad da ya kai kamar taƙi ɗaya, sai ya baje gefe. Bokiti mai cin lita 10 ya ishe shi. Kuma da yake ƙwaya huɗu ko biyar sun isa tukunyar miya, itace ɗaya ba ƙaramin taimako ba ne.

Na biyu attaruhu. Danginsa daga wurare masu ɗumi da laima na Kudancin Amurka suka fito, don haka yanayin Kudu bai ba shi tsoro ba. A ma'aunin yaji da Wilbur Scoville ya ƙirƙiro a 1912, attaruhu yakan kai tsakanin 100,000 da 350,000, shambo kuwa wajen 30,000 zuwa 50,000. Amma fa attaruhu yana son haƙuri. Irinsa yakan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ya tsiro, sa'an nan wata uku ko huɗu bayan dashe kafin a fara tsinka. Rassansa suna bajewa, don haka a ba shi jarkar lita 20 da aka yanke kanta, shi kaɗai. Waɗanda ke Inugu suna da wata dama a kusa: rawayan barkonon Nsukka, mai ƙamshin da ake nema a farfesu. A ƙasar ya saba, kuma ana iya samun dashensa wurin maƙwabta. Tambayar maƙwabciya Ibo abin da take shukawa ya fi sayen irin da ba a san asalinsa ba.

Akwai kuma irin da ake sayarwa a 'yan fakiti, waɗanda aka tsara musamman domin tukwane, kamar Apache da Prairie Fire, da tsawonsu bai cika wuce rabin mita ba. A karanta fakitin da kyau. In an ga F1, ma'anarsa irin aure ne: zai yi kyau a shukar farko, amma in an ajiye 'ya'yansa aka sake shukawa, ba lalle su ɗauko iyayensu ba.

Ko wane iri aka zaɓa, ruwa ne zai kashe shi kafin ƙishi. A huda gindin bokitin wuri biyar ko shida, a ɗora shi bisa duwatsu ko bulo, nesa da inda ruwan kwano ke zuba. A haɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen takin kaji. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Barkono yana bukatar rana kamar awa 6 a yini, saboda haka a lura da inda rana ke faɗawa a tsakar gida kafin a sa bokiti, a kuma nemi yardar mai gidan da sauran 'yan haya, domin kada abin miya ya zama abin faɗa. A nisanta shi daga inda ƙananan yara ke wasa.

Wanda zai ajiye iri, ya zaɓi ɗan da ya nuna sarai a kan itacen da ya fi lafiya, ya shanya ƙwayoyin a inuwa, ya sa a kwalba mai murfi. A laimar Fatakwal, irin da aka ƙulle a takarda kawai yakan yi fumfuna kafin damina ta wuce.