Lambar 777 Ba Magani Ba Ce

Da yawa daga cikin shafukan intanet da muke gina wa makarantu da 'yan kasuwa a Gada Biyu da sauran unguwannin Jos suna zaune ne a kan sabar haɗaka, wato kwamfuta ɗaya mai ɗauke da shafukan mutane barkatai. Tamkar gidan haya take: ƙofar shiga ɗaya, amma kowane ɗaki da kwaɗonsa. Kwaɗon nan shi ne izinin fayil, kuma babu abin da ke ɓalle shi irin umarnin chmod 777.

A tsarin Linux, kowane fayil lambobi uku ne da shi: ta mai shi, ta rukuninsa, da ta sauran jama'a. Karantawa 4 ce, rubutawa 2, gudanarwa 1, sai a tara. Ke nan 777 ta ba duk mai asusu a sabar damar karantawa da sauyawa. Abin da ya dace shi ne 644 ga fayil, 755 ga folda, sannan wp-config.php, inda WordPress ke ajiye kalmar sirrin rumbun bayanai, a tsuke shi zuwa 640 ko 600. A Afrilun 2010 an kutsa cikin ɗimbin shafukan WordPress da ke kan sabar kamfanin Network Solutions na Amurka, saboda maƙwabci na iya karanta wannan fayil.

Wani zai ce hoto ya ƙi hawa, da ya sa 777 sai ya hau. Haka ne, amma a mallaka cutar take. A Linux na Ubuntu, Apache, manhajar da ke tafiyar da shafin, da sunan www-data yake aiki, shi kuwa fayil ɗin na wani ne. Sai a gyara mallaka da chown, a zuba masu aikin shafi ɗaya a rukuni guda, a ba foldarsu 2775, inda ƙarin lambar 2 ta farko ke sa duk sabon fayil ya gaji rukunin.

Wani kuma zai ce ai mun yarda da juna. Ba amanar abokin aiki ake tuhuma ba. Kalmar sirrinsa na iya faɗawa hannun ɓarawo, tsohuwar manhajarsa na iya zama kafa, kuma mai kutse da izinin wanda ya kama yake yawo. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsaron bayanan mutane a wuyan mai riƙe da su. Don haka kowa ya shiga foldar shafinsa yau, ya buga find . -perm 777, ya gyara duk abin da ya fito.