Darasi: Kowane Maganin Ƙwari Da Ƙofar Da Yake Shiga Jiki

 Duk wanda ya taɓa sauka da shanu a Mai Wurno ko ƙauyukanmu na Jazira ya san ƙasar auduga ce, tun da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925. Inda ake noman auduga kuwa ba a rasa maganin ƙwari. Ga kuma namu na kaska da muke yawo da shi cikin kaya.

Wanda ya fi cutar da mu shi ne na ruwa mai ƙarfi, irin su diazinon da amitraz, wanda yake yin fari kamar madara in an surka shi. Cikin wani irin mai aka narkar da shi, shi ya sa yake ratsa fata ko da babu rauni. Lokacin haɗawa ya fi lokacin wanke shanu haɗari, domin a sannan dafin yana nan da ƙarfinsa. Amma sai ka ga yaro ya tsoma hannu har gwiwa yana garwayawa! A sa sanda, a sa safar hannu ta roba. Ta ƙyalle ba ta da amfani, shanye maganin take yi ta riƙe shi a fata. A yi aikin da sanyin safiya. Amitraz kuwa kada ya taɓa doki ko jaki, yana iya kashe su.

Na gari ta hanci yake shiga. A juya wa iska baya, a fara dama shi da ruwa kaɗan kamar gasara. Na zubawa a gadon bayan sa ba a surka shi. Irin shuka da aka yi wa magani ba abinci ba ne, ko ga kaji.

Jarkar magani ba ta zama ta ruwan sha ko ta nono, kome wankin da aka yi mata. Kada kuma a wanke ta a tur'a, wato magudanar ban-ruwa, domin mutane da dabbobi nan suke sha. Kafin mu saki shanu cikin karan auduga, mu tambayi mai hawasha ranar da aka yi feshin ƙarshe.

In mutum ya fara dalalar da miyau, gumi na keto masa, ƙwayar idonsa ta tsuke, a cire masa tufafi a wanke shi da sabulu. Kada a ɗura masa nono ko mai, kada a sa shi amai. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin, domin allurar atropine da ke karya dafin diazinon ba ta karya na amitraz.