Ilmin Sanin Halin Ɗan Adam da Asalinsa

A gidaje da yawa, in zazzaɓi ya kama mutum sai a garzaya da shi asibiti. Amma in baƙin ciki ne ya danne shi har ya bar ci, ya bar barci, ya ƙaurace wa jama'a, sai a ce raunin imani ne, ko kuwa iska ce ta taɓa shi. Wani ma har a sa masa mari. Alhali kuwa akwai ilmi guda wanda aikinsa shi ne binciken irin wannan lalura, watau wanda ake kira ilmun nafsi da Larabci.

Shi dai wannan ilmi yana duba yadda mutum ke gane abu, da yadda yake koyo da tunawa da mantuwa, da abin da ke sa shi fushi ko tsoro. Ba ya da'awar sanin haƙiƙar ruhi, domin wannan sani na Allah ne. Abin da ya bayyana na hali da aiki shi yake bi. Saiwoyinsa kuwa biyu ne.

Ta farko ita ce falsafa. Aristo, masanin Yunan wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), ya rubuta littafi a kan rai, inda ya ce tsiro yana ci yana girma, dabba ta ƙara da ji da motsi, mutum kuma ya ƙara da hankali. Da aka fassara littattafan Yunan zuwa Larabci a Bagadaza, sai malamai irin su Al-Kindi suka ɗora a kai.

Cikin almajiran Al-Kindi akwai Abu Zaid Al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya. A littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus ya yi bayanin cututtukan zuciya huɗu: fushi, da tsoro, da baƙin ciki, da waswasi. Ya kuma raba baƙin ciki gida biyu. Akwai mai sanannen dalili, kamar rasuwa ko hasarar dukiya, wanda ake magancewa da nasiha da gyaran tunani. Akwai kuma wanda ke sauko wa mutum ba gaira ba dalili. Wannan, in ji shi, daga jiki yake, don haka sai an haɗa da maganin jiki.

Wannan magana ita ce mashigar saiwa ta biyu, watau ilmin halittar jiki. Tun a zamanin Yunan, wani littafi da ake danganta wa likitan nan Buƙraɗu ya ce farfaɗiya daga ƙwaƙwalwa take tasowa. A 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya duba wani majinyaci wanda yake fahimtar magana amma ya kasa furta ta. Bayan rasuwarsa sai aka tarar da lahani a gaban ƙwaƙwalwarsa ta ɓangaren hagu. Yau an san cewa ƙwaƙwalwar mutum tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, suna aika wa juna saƙo, kuma in aikinsu ya sami tangarɗa, hali ma yakan sauya.

A 1879 ne saiwoyin nan biyu suka haɗu, sa'ad da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Jami'ar Leipzig ta ƙasar Jamus. A nan aka riƙa auna abubuwa kamar tsawon lokacin da ke tsakanin jin ƙara da motsa hannu. Daga wannan shekara ake lissafin tsayuwar ilmin nan da ƙafarsa.

To, darasin da ke ciki shi ne, ciwon zuciya da na hankali ciwo ne kamar sauran ciwo, kuma tun fiye da shekara 1000 wani malamin Musulunci ya faɗi haka. Ba a zargin mai ciwon sukari da ƙarancin tawakkali, saboda haka bai kamata a zargi mai ciwon damuwa ba. Haƙƙinsa a kan danginsa shi ne su saurare shi, su ɓoye sirrinsa, su yi masa addu'a, su kuma kai shi ga likitan da ya san fannin. Addu'a da neman magani ba kishiyoyin juna ba ne.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.