DARASI: Yadda Za Ka Hana Ruwan Kifinka Ƙafewa Idan Za Ka Yi Tafiya

Darasinmu na yau na masu ƙaramin tanki ne, na roba, na gilashi ko rabin duro, waɗanda tafiya kan kama su babu mai duba musu kifi.

Ni ma ya faru da ni. Wata ƙaramar Sallah da ta faɗo tsakiyar zafi na tafi gida kwana 7, na bar 'ya'yan tarwaɗa 100 a buɗaɗɗen tanki a tsakar gida. Da na dawo ruwan ya sauka kusan santimita 6, ya yi kauri yana wari, guda 14 sun mutu. Tankin bai yoyo ba. Rana da iska ne suka shanye ruwan.

Ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe: idan tankinka mita 1 ne tsawo, mita 1 faɗi, duk santimita 1 da ruwa ya sauka ka yi asarar lita 10. Wato ni lita 60 na rasa. Kuma tsabar ruwa kawai ke tashi ya bi iska. Kashin kifi, ragowar abinci da sinadarin amoniya duk suna nan, sai dai su ƙara ƙarfi cikin ɗan ruwan da ya rage. Wannan ke kashe kifi tun kafin tanki ya bushe.

Abu huɗu ke saurin janye ruwa: zafi, kaɗawar iska, bushewar iska irin ta hunturu, da faɗin bakin tanki. To me za ka yi?

1. Kai tankin inuwa. Ƙarƙashin rumfa ko jikin katanga, inda rana ba ta dukansa kuma iska ba ta kaɗawa sosai. In a ɗaki yake, kashe fanka.

2. Rufe kashi uku cikin huɗu na bakin tankin da tamfol ko murfin roba, sauran ka sa raga. Kar ka toshe shi ruf! Tarwaɗa tana tasowa sama ta shaƙi iska, don haka ka bar tazarar kamar yatsu huɗu tsakanin ruwa da murfi. Ragar kuma za ta hana kifi tsallakewa, ta tsare su daga mage da tsuntsu. A guji kwanon rufi, gasa ruwan zai yi.

3. Ari dabarar mazubin ruwan kaji. Cika jarka da ruwa, ka kifa ta a kan katako yadda bakinta zai taɓa saman ruwan tankin daidai inda kake so ya tsaya. Ruwa na sauka, iska za ta shiga jarkar, ruwa ya zubo har ya sake rufe bakin. Ka ɗaure ta da kyau, kuma ka tabbata ba ta da huji ko ɗaya, in ba haka ba lokaci guda za ta juye. Gwada ta kwana 2 kafin ka tafi.

4. Kwana ɗaya kafin tafiya ka canja kamar kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ka kwashe dattin ƙasa. In ruwan famfo ne, bar shi ya kwana a buɗe saboda kilorin.

5. Kar ka zuba abinci da yawa wai ya ishe su. Ruɓewa zai yi. Lafiyayyen kifi da ya ɗan tasa yana jure 'yan kwanaki ba ci, amma ka ware manya da ƙanana, don tarwaɗa in ta ji yunwa ƙannenta take ci. In akwai yaron da zai ba su, ƙulla masa na kowace rana a leda daban. Ƙananan da aka ƙyanƙyashe kwanan nan kam ba a barin su babu mai kula.

Tun yau ka ja layi a jikin tankinka daidai saman ruwa, gobe war haka ka auna abin da ya sauka. Ninka shi da kwanakin tafiyarka, ka ga girman jarkar da kake buƙata.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu, Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya.