YADDA AKE GANE IRE-IREN FUMFUNA A ƊAKIN BINCIKE

Da zarar damina ta kankama, sai fumfuna ta fara bayyana a jikin bango, da burodi, da buhunan gyaɗa ko masarar da ba su bushe sosai ba. Mutane da yawa sun ɗauka datti ce kawai. Alhali kuwa fumfuna abu ce mai rai, tana da iri dubbai. Waɗansu suna da amfani, kamar wadda Alexander Fleming ya gano maganin fenisilin daga gare ta a shekarar 1928. Waɗansu kuwa dafi suke zubawa cikin abinci. Saboda haka sanin irinta ba ƙaramin al'amari ba ne.

Yadda Ake Shuka Ta

Fumfuna tana yaɗuwa ta ƙananan ƙwayoyin iri waɗanda ido ba ya gani, suna yawo cikin iska kamar ƙura. Idan ma'aikacin ɗakin bincike yana son sanin irinta, sai ya shuka ta cikin wani ɗan faranti mai murfi, wanda wani Bajamushe, Julius Petri, ya ƙago a 1887. Akan zuba wa farantin wani abinci mai daskarewa kamar kamu, wanda ake yi da ciyawar teku. Sa'an nan a ɗebo kaɗan daga abin da ake tuhuma, a ɗora a kai, a rufe, a ajiye a wuri mai ɗumin awo 25 na ma'aunin santigiredi, kwana 5 zuwa 7.

Kwatantawa Da Hotuna

Bayan ta tsiro, sai a duba launinta ta sama da ta ƙarƙashin farantin, da laushinta, da saurin girmanta, a kwatanta da hotunan littattafan masana. Ga huɗu daga waɗanda aka fi samu cikin gidaje:

1. Rhizopus: fara ce kamar auduga, da ɗige-ɗige baƙaƙe. Ita ce ta burodi, kuma takan cika faranti cikin kwana 2 ko 3.

2. Penicillium: shuɗiya-shuɗiya mai ratsin kore, da farin baki kewaye. Ana ganinta a jikin lemon da ya ruɓe.

3. Aspergillus niger: baƙa ce kamar garin gawayi. Ita ce takan kama albasa.

4. Aspergillus flavus: koriya ce mai ratsin rawaya. Gyaɗa da masara ta fi so, kuma ita ce mafi hatsari cikin huɗun.

Hoto Kaɗai Bai Isa Ba

Kama da wane ba ta wane. Launin fumfuna yakan sauya bisa ga abincin da aka ba ta da yawan kwanakinta. Don haka hoto zato kawai yake bayarwa, tilas a sa ta ƙarƙashin madubin likita. A nan ne ake ganin kan Penicillium kamar tsintsiya, na Aspergillus kuwa a dunƙule kamar kan kulki. Har ma da madubin akan ruɗe, domin Aspergillus flavus tana da 'yar'uwa, Aspergillus oryzae, mai kama da ita ƙwarai, wadda mutanen Japan suke sarrafa waken soya da ita kamar yadda ake yin daddawa. Har wa yau, ba kowace flavus ce take yin dafi ba. Gwajin dafin daban yake.

Wani abin lura kuma, duk ɗakin da aka buɗe faranti a cikinsa, kome tsabtarsa, fumfuna za ta iya tsirowa a kai, tun da irinta yana ko'ina. Wannan kaɗai ba shaida ba ce cewa gida yana da illa.

Dalilin Wannan Ƙoƙari

Dafin flavus, watau afalatoksin, an gano shi ne bayan da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, saboda cin tunkuzar gyaɗar da aka kai daga Barazil. A 2004 kuma mutum 125 suka rasu a Kenya bayan cin gurɓatacciyar masara. Dafin yana lalata hanta, cinsa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru kuwa yana jawo sankarar hanta. Dafuwa ko suya ba su kawar da shi.

Abin Da Ya Wajaba Ga Jama'a

Magidanci ba ya bukatar sanin sunan fumfuna kafin ya kāre iyalinsa. A shanya amfanin gona a kan tabarma ko daɓe har ya bushe sarai. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango. A tsince gyaɗar da ta ƙanƙance ko ta sauya launi, a binne ta. Kada a yi ƙuliƙuli da ita, kada kuma a ba dabbobi, gama dafin yakan biyo nono. A toshe yoyon rufi, a riƙa buɗe tagogi, musamman inda akwai mai ciwon asma. Shuka fumfuna aikin ɗakin bincike ne, kada a gwada a gida. Wanda yake shakkar hatsinsa ya nemi malamin gona, wanda yake shakkar lafiyarsa ya tafi asibiti.

Rigakafi ya fi magani.